Tuwon Taro da Ɗanyen Talge

Akwai wata hira da ba ta tsufa a majalisun dattawa, wato wai ɗan elementare na da ya fi mai digiri na yanzu. Da zarar wani ya tsokano ta, sai ka ga kowa ya gyara zama. Wannan ya ce kawunsa aji huɗu kacal ya yi, amma shi ne magatakardan hakimi, rubutunsa kamar na tafireta. Wancan ya ce kwanan nan wani ɗan bautar ƙasa ya kawo masa takardar neman aiki, layi shida kuskure tara. Sai a yi salati, a tsine wa waya da kallon ƙwallo, a ce yaran yanzu ba su da kai. Samarin da ke gefe kuwa sai su ƙifta wa juna ido, su ce dama wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Dattawan nan ba ƙarya suke yi ba. Abin da idonsu ya gani suke faɗa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wasiƙar wani tsohon malamin En'e ya san akwai hannu, akwai tsari, akwai Hausa mai tsabta. Inda nake rabuwa da su shi ne wajen dalili. Kan yaro bai ragu ba. Abin da ya same mu, matan gida sun fi mazauna majalisa saninsa, domin kullum suna ganin irinsa a gindin murhu.

Ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake tuwo ba, ana ɗora sanwa ne, ruwa ya tafasa, a dama gari kaɗan da ruwan sanyi a zuba ana motsawa. Wannan shi ne talge. In na dawa ne a ɗiga ruwan kanwa. Daga nan sai a rufe tukunya a ƙyale shi ya yi ta tafasa har ya nuna. Sai ya nuna ake fara barbaɗa gari ana tuƙi da muciya, a rage wuta, a bar shi ya sulala, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara. Duk cikin aikin nan babu abin da ya kai talge rashin kwarjini. Ruwa-ruwa ne, babu mai leƙowa ya yaba, kuma a nan mai gaggawa take fara yanke hanya. Amma kowace uwargida za ta gaya maka cewa in talge bai nuna ba, ko ƙatti goma aka sa su tuƙa, tuwon nan ya riga ya lalace. Za ka ji warin ɗanyen gari, kafin asuba ya saki, ko ɗumame ba zai yi ba. Miya mai daɗi takan rufa masa asiri a lomar farko da ta biyu. Ciki ne zai tona daga baya.

Ranar biki kuwa sai abin ya ninku. An auna garin mutum ɗari, sai ga mutum ɗari uku sun cika gida har ƙofar zaure. Tukunya ɗaya ce, itace ya kusa ƙarewa, 'yan kawo amarya sun iso, ana ta aike daga waje a yi sauri baƙi za su tafi. Sai a janyo duk yarinyar da ta gifta a danƙa mata muciya. Kwanuka za su cika, kowa zai ce ya samu. Wa ya ƙoshi, wa ya ci gudaji, wannan kuma ba a tambaya.

To, karatun boko na zamanin kakanninmu tuwon gida ne, gidan ma ƙarami ƙwarai. Baturen nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Duk da haka, a 1957, saura shekara uku a sami mulkin kai, duk faɗin Jihar Arewa, daga Sakkwato zuwa Borno har gangaren Ilorin da Binuwai, makarantun sakandare 18 ne, ɗalibansu gaba ɗaya ba su kai dubu huɗu ba. A lokacin Kudu tana da 176. Yau akwai firamare ɗaya tak a wasu unguwannin manyan biranenmu da yaranta suka fi wancan adadi na Arewa kaf. Ina maganar boko ne kawai. Makarantar allo da karatun zaure tukunyarsu daban, ta daɗe tana ciyar da jama'a tun kafin zuwan Bature, ita ma da nata labarin.

Hanyar zuwa ga waɗancan kujeru dubu uku da ɗoriya kuwa rariya ce bayan rariya. Yaro zai yi shekara huɗu a elementare ta garin hakimi. Cikin ajin, 'yan kaɗan ne za su wuce midil a babban birnin lardi. Daga midil a sake tace wasu tsiraru zuwa kwaleji. An surfa, an bakace, an niƙa, an tankaɗe, an sake tankaɗewa da rariyar laushi. Saboda haka mutumin da dattawa suke tunawa, wanda ya rubuta wasiƙar da har yau ake ajiye da ita, shi ne lallausan garin da ya rage a ƙasan faifai. Tsakin da dusar da aka ware ba mai tuna su. Haka ma sauran dubban yaran da ko ƙofar aji ba su gani ba, balle a zo ga mata. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, su ma akasari 'ya'yan fada ne. Kakanninmu mata da yawa har suka koma ga Allah dangwala yatsa suke yi. In za a auna mai digirin yau, wanda aka tsinto kara-zube daga cikin dubu, da zakaran gwajin dafin lardi guda na 1950, ai an san inda awo zai rinjaya tun kafin a ɗora.

Kuma ba wai jama'a ce take rububi ana hana ta ba. In dagaci ya fito neman yaran makaranta, har cikin rumbu ake ɓoye su, wasu masu sarauta ma 'ya'yan barorinsu suka tura a madadin nasu. Turawan su ma ba su matsa ba, domin abin da suke bukata shi ne 'yan malamai da akawuna da za su riƙe musu littafin haraji. Tuwo kaɗan, masu ci kaɗan, kowa ya huta.

Sai dai akwai abu biyu na wancan zamani da ya kamata mu ji kishinsu da gaske. Na farko, su wa ke riƙe da muciya. Kwalejin Katsina don horar da malamai aka kafa ta, wato mafi kyawun garin da aka tankaɗe shi ake mayarwa aji. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a midil ta Bauchi, har ya zama hedimasta. Ahmadu Bello ya koyar a midil ta Sakkwato kafin ya zama hakimin Rabah. Abubakar Imam ya koyar a midil ta Katsina kafin ya koma Zariya. Aminu Kano ya koyar a Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru. Shehu Shagari ya riƙe alli a Sakkwato da Argungu. Yaron da irin waɗannan suka yi wa shifta, suka duba masa insha'i da jan alƙalami, ina mamaki don ya iya rubuta wasiƙa? A ƙauye kuwa, bayan dagaci da liman sai malamin makaranta. Shi ne mai keke, shi ne mai agogo, shi ake kai wa takarda ya karanta, kuma ba a jinkirin ba shi mata.

Na biyu, wanda ni a wajena ya fi na farkon nauyi, shi ne kowa daga tukunya ɗaya yake ci. Ɗan sarki, ɗan minista da ɗan masaƙi benci ɗaya suke zama, monita ɗaya yake rubuta sunayensu. Maigida shi ma daga nan ake zuba masa a akushi, saboda haka in gishiri ya yi kaɗan, a daren za a ji. Har cikin shekarun 1970 ɗan makarantar kwana gwamnati ke ba shi abinci da tufafi da sabulu da littattafai, har da kuɗin mota in an yi hutu.

Sai aka yi gayya. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan uku. Bari in faɗa tun da wuri, gayyar nan ba kuskure ba ce. Likitoci da farfesoshi da alƙalai da yawa da muke tinƙaho da su yau 'ya'yan manoma ne da ba don ita ba da suna can suna kiwon awaki. Duk mai cewa a koma tsarin da, ya fara tambayar kansa ko shi da 'ya'yansa mata za su kasance cikin waɗanda rariya ta zubar. Laifin ba na kiran jama'a ba ne. Laifin shi ne an kira gari guda ba a tanadi masu tuƙi ba.

An gina azuzuwa a gurguje, wasu ma gindin bishiya aka fara. Malamai kuwa ba a gina su kamar bulo. Aka buɗe kwalejojin horon malamai barkatai, aka gajarta wa wasu horo zuwa shekara biyu ko ɗaya, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don a riƙa koyar da su suna bakin aiki. Wanda ya faɗi jarrabawar malanta ta Gired Tu aka ce ya shiga aji kafin ya gyara. Wanda firamare kawai ya gama shi ma aka miƙa masa alli. A sakandare sai aka cike gurbi da malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Ghana, lokacin naira tana da ƙarfinta.

Ana cikin haka itace ya ƙare. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, jihohi suka fara riƙe albashin malaman firamare wata da watanni, wasu suka dawo da kuɗin makaranta. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, malaman ƙasashen waje suka naɗe tabarmarsu, na gida masu hanya suka gudu banki ko ofis ko kasuwa. Aka mayar da makarantun kwana da yawa je-ka-ka-dawo. Ita kuwa firamare sai ta zama marainiya, ana jefa ta tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. An kafa mata hukuma ta ƙasa a 1988, aka rushe a 1991, aka sake kafawa a 1993. A 1982 an zo da tsarin 6-3-3-4, mai cewa yaro zai koyi sana'ar hannu a ƙaramar sakandare. Injinan da aka sayo domin haka da yawansu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, ba lantarki, ba wanda ya iya tada su. A 1999 aka sake wata gayyar a Sakkwato da sunan UBE. Dokarta ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗiba, amma shekara da shekaru ana barin biliyoyin nairori a Abuja saboda gwamnoni ba su kawo nasu ba. In ka yi magana a ce maka ai dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Man yana nan a kwalba, zubawa ce ba a yi ba.

Wani abin da na daɗe ina jin takaicinsa shi ne rufe kwalejojin Gired Tu da aka yi, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A takarda ci gaba ne, tunda NCE ta fi girma. Amma ɗan Gired Tu na asali shekara biyar yake yi ana koya masa abu ɗaya, wato yadda ake tsayawa gaban ƙananan yara. Yadda ake rubutu a allo layi ya miƙe, yadda ake haɗa baƙi da wasali, yadda ake koyar da ƙirga da tsakuwa da kara, yadda ake gane yaron da ya ɓace a tsakiyar darasi. Mai talge ne, kuma ya san shi mai talge ne. Yawancin masu NCE kuwa darussa biyu suka karanta, a ce tattalin arziki da labarin ƙasa, waɗanda suka dace da sakandare, sai a tura mutum aji ɗaya ya fuskanci yara 'yan shekara shida da ba su taɓa riƙe fensir ba. Ba laifinsa ba ne, ba abin da aka koya masa ke nan ba.

Duba kuma wa ke zuwa kwalejin ilimin. A 'yan shekarun nan mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne zuwa 150 cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Ma'ana mun juya rariyar Katsina a kife. Wanda likitanci ya ƙi, lauya ta ƙi, injiniya ta ƙi, shi muke ce wa to ka je ka yi malanta kafin Allah ya kawo wani abu. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba, ta sallame su. An yi ta cece-kuce a kan yadda aka yi gwajin, amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Yaran 1980 da 1990 ne, waɗanda aka ciyar da ɗanyen tuwo, suka girma aka miƙa musu muciya, wasu da takardar ɗan siyasa a aljihu. Yau shekara kusan hamsin ke nan tukunya tana haihuwar tukunya.

Talgen ilimi shi ne aji ɗaya zuwa uku, inda yaro zai iya karatu da rubutu da ƙirga. Duk abin da za a zuba daga baya, kimiyya ce ko tarihi ko kwamfuta, a kansa zai zauna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke iya karanta ɗan gajeren labari ya gane abin da ya ƙunsa. Lissafi ma haka. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, kuma mun san a wane ɓangare awon ya fi sauka. Gwaje-gwajen karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato shekarun baya sun tarar mafi yawan 'yan aji biyu da uku ba sa iya karanta kalmar Hausa ko ɗaya. Ba Turanci ba, Hausar da suke mafarki da ita.

Ta yaya za su iya? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35. Shiga firamaren gwamnati a cikin birni ka ƙirga, in ba ka gaji ba. Yara ɗari da wani abu a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, malama ɗaya da bulala, rabin lokacinta a kan a yi shiru yake ƙarewa. Ta rubuta a allo, su kwafa kamar masu zanen hula, ta faɗa su amsa da ƙarfi. Daga nesa sai ka rantse karatu ake yi. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba, domin wasu ɗari suna bakin ƙofa suna jiran wurin. A da maimaita aji abin kunya ne, amma yana nufin akwai mai ɗaga murfi ya duba ko ya nuna. Yanzu agogo ake dubawa, ba tukunya ba.

Ga kuma batun harshe. Ɗan elementare na da da Hausa aka fara masa. Ya bi ta kan Ka Koyi Karatu, ya kai ga Magana Jari Ce, ya yi lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya cikin harshen da yake ji, sannan Turanci ya shigo a matsayin darasi, daga bakin wanda ya iya shi. Manufar ilimi ta 1977 ma ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin a shekarun farko. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk firamare da Yarabanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. Amma mu iyaye mun ɗauki Turanci shi ne ilimi. Yaro ya dawo yana rera waƙar da shi kansa bai san ma'anarta ba, mu ce kuɗinmu ya yi amfani. Sakamakon shi ne malamin da Turancinsa bai nuna ba yana koyar da yaron da bai ji ba, a tashi ba Turancin ba Hausar. Duba yadda masu digiri ke rubuta Hausa a Facebook, ka ga yadda ake haɗe kalmomi ana raba su kamar an watsa tsaba.

Da tuwo ya ƙi, sai hankali ya koma kan kwano. Ma'aikata ba ta tambayar me ka iya, takarda take nema. Uba ya san ɗansa bai iya ba, amma ya san in babu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ƙofa a rufe take. Sai ya nemi makarantar sha-yanzu-magani-yanzu a wani lungu, ya biya kuɗin rajista da kuɗin “taimako”, a rubuta amsa a allo ranar WAEC ko NECO. Shi ne kuma gobe zai zauna a majalisa yana cewa ilimi ya lalace. Satar jarrabawa dai ba yau aka fara ba, tun 1977 an yi gagarumar fitar takardun WAEC har aka kafa kwamitin bincike. Bambancin shi ne a da yaro ke sata yana ɓoye wa uba da malami. Yanzu su ne ke riƙe masa tsani.

Mafi muni a cikin labarin nan shi ne maigida ya daina ci daga tukunyar. Kwamishina, sakataren ilimi, ɗan majalisa, kai har hedimastan firamaren gwamnati in yana da hali, 'ya'yansu suna makarantar kuɗi. Mai riƙe da makullin rumbu an yi masa girkinsa daban a ɗaki, ina zai san na tsakar gida ya yi gudaji? Ba na zargin uban da ya nema wa ɗansa mafita, kowa nasa ya sani. Amma ranar da masu murya suka kwashe 'ya'yansu, ranar makarantar gwamnati ta rasa mai yi mata kuka. Su ma makarantun kuɗin kashi-kashi ne. Akwai na ƙwarai, masu tsadar da sai wane da wane. Akwai kuma na shago biyu da zaure, inda ake biyan malama abin da bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba, a cika wa yaro jaka da littattafai goma sha, a yi masa bikin yaye da hula da alkyabba tun yana nazare. Miya ce kawai aka yi wa ado.

Mai cewa kan yaran yanzu ne ya toshe, ya je wurin musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ya ga 'yar shekara goma sha biyu tana kawo izu sittin da tajwidi, a ɗauko mata aya daga ko'ina ta ɗora. Ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga yaron da aka ce ya kasa lissafi yana kwance waya ya ɗaure. Ya tuna makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da Jihar Kano ta buɗe a 1977, a tsakiyar wannan rububin, yadda suka ɗebi 'ya'yan talakawa suka fitar da likitoci da injiniyoyi, don kawai an zaɓi malamai, an ba su kayan aiki, an sa ido. Haziƙan yau sun san abin da ɗan midil bai taɓa mafarkinsa ba, kuma yawansu ya ninka na da sau ba adadi. Saman bai sauka ba. Tsakiya da ƙasa ne suka rufta, inda 'ya'yan mafi yawanmu suke. Bayan su kuma ga sama da yara miliyan goma da ko kwanon ba a miƙa musu ba, akasarinsu a Arewa.

Gwamnoni sun fara amsa cewa akwai matsala, Kano ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Madalla. Sai dai abin da aka fi son yi shi ne abin da kyamara ke ɗauka, wato fenti da katanga da sabuwar jami'a. Koya wa ɗan aji biyu haɗa baƙi ba ya fitowa a hoto, ba a yanka masa ƙyalle. Ni da za a ji tawa, da mafi gwanintar malamai aka tura aji ɗaya zuwa uku, aka fifita albashinsu, aka rage musu yara, aka ba kowane yaro littafin Hausa nasa na kansa, kuma kada wanda ya wuce aji uku sai wani ya zauna da shi ya ji ya karanta.

Kafin gwamnonin su ji, kai mai karatu akwai naka. In kana da ɗa ko jika ko ƙane tsakanin aji uku da shida, ajiye katin sakamakon nan da ke cewa ya zo na biyar. Yau da daddare ka miƙa masa shafin Hausa da bai taɓa gani ba, ka ce ya karanta ya gaya maka abin da aka ce. Ka tambaye shi canjin naira dubu in ya sayi abin ɗari shida da hamsin. In ya kasa kada ka dake shi, kada kuma ka zagi zamani. Gobe ka je makarantar da ƙafarka, ka gaisa da malamin, ka tambaye shi yara nawa ne a ajinsa, yaushe rabonsa da albashi cikakke, littafi nawa aka ba shi. Abin da ka ji ka kai wa maƙwabta da kwamitin makaranta, ku ɗunguma zuwa wurin kansila da sakataren ilimi. Ranar da masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gidanka kuma, ka tambaye su a wace firamare 'ya'yansu suke.